Kyauta, wasiyya ko wakafi: wanne ne zai riƙe mai rauni a gidanka bayan ranka?

Kusan kowane gida yana da mutum ɗaya da idan maigida ya tuna da shi cikin dare barci yake ƙaurace masa. Wani 'yarsa ce da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa, ta haura shekara talatin amma har yau sai an yi mata wanka. Wani jikoki ne da ubansu ya riga shi tafiya. Wani uwargida ce da ba ta haihu ba, ta shekara arba'in a ɗaki ɗaya, kuma ya san ranar da ƙasa ta rufe masa ido 'ya'yan kishiya za su ce a sayar da gidan. Tunanin waɗannan ne yake kai mutum gaban malami ko lauya yana tambayar abin da zai yi tun yana da sauran numfashi. Hanyoyin da ke gabansa ba su da yawa: ya bar komai ga rabon gado, ya yi wasiyya, ya yi kyauta yana raye, ko ya tsayar da wani abu wakafi. Kowace tana da wanda take yi wa amfani da wanda ba ta taɓa kai wa gare shi, kuma sau da yawa rigimar da ake kwasowa zuwa kotu daga ɗaukar hanyar da ba ta dace da mutumin ba take tasowa.

Gara mu sa lissafi a gaba, don magana ta fi zama. Mu ɗauka wani Alhaji ne mai mata biyu, 'ya'ya maza 3, mata 4, ɗaya daga cikin matan ita ce mai lalurar. Akwai jikoki 2 na babban ɗansa da ya rasu. Iyayensa sun daɗe da rasuwa. Bayan an yi masa sutura an biya bashi, abin da ya rage ya kai naira miliyan 24: gidan da ake ciki miliyan 15, shago miliyan 6, kuɗi a banki miliyan 3.

Idan bai yi komai ba, rabon da Allah ya tsara a Suratun Nisa'i shi zai gudana. Matan biyu za su raba tumunin takaba, miliyan 3, kowace miliyan 1.5. Sauran miliyan 21 a kasa shi kashi 10, namiji ya ɗauki biyu mace ɗaya: kowane ɗa miliyan 4.2, kowace 'ya miliyan 2.1. Jikoki ba su da ko kwabo, domin baffanninsu sun shamakance su. Rabon nan adalci ne, kuma babu mai ikon taɓa shi. Sai dai shi rabon gado dangantaka yake kallo, ba ya tambayar wa ke shan magani kullum. Mai lalurar nan da ƙanwarta da ke aure a gidan wadata rabonsu ɗaya. Idan aka haɗa nata da na mahaifiyarta, miliyan 3.6 ke nan, kuma gidan da suke kwana a ciki dole a sayar ko a yi masa ƙima kafin kowa ya karɓi nasa.

Akwai abin da ya sa wannan ya fi yadda ake zato nauyi. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na Arewa suke hukunci da ita, uba ne ciyar da ɗa ya wajaba a kansa, kuma idan yaro ya balaga yana da naƙasar da ta hana shi nema, wajibcin yana nan bai faɗi ba. Amma wannan nauyi ba ya komawa kan 'yan'uwa ta fuskar hukunci. Wa ba a tilasta masa ciyar da ƙanwa, baffa ba a tilasta masa ciyar da ɗan ɗan'uwansa. Zumunci ne da tsoron Allah, kuma da yawa suna yi, Allah ya saka musu. Wanda ya ƙi kuwa, alƙali ba shi da igiyar da zai ɗaure shi da ita. Matar mamaci ma haka: tana da haƙƙin zama a gidan mijinta har ta gama takaba, wata huɗu da kwana goma, daga nan sai abin da rabonta ya ba ta. Don haka mutumin da ya ce "yayyenta za su riƙe ta" yana iya yin gaskiya, amma a kan halin mutane ya jingina, ba a kan wani abu da za a iya nema a kotu ba.

Wasiyya ita ce ta fi sauƙi, shi ya sa kowa ita yake fara ambata. Ba ka rabuwa da komai yanzu, kana iya canza ta gobe ko ka soke ta gaba ɗaya, kuma ba ta aiki sai bayan rai. Iyakokinta biyu ne, duka sanannu. Ba ta wuce sulusin dukiya, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas lokacin da ya so ya bayar da mafi yawan dukiyarsa, har ya nuna masa cewa sulusin ma da yawa, kuma barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙon mutane. Na biyu, babu wasiyya ga mai gado.

Wannan iyaka ta biyu ita ce take raba gardama. Jikokin Alhaji ba magada ba ne, saboda haka wasiyya tasu ce, kuma a ganina kakan da yake da marayun jikoki ya mutu bai yi musu ba ya bar babban giɓi. A Masar tun 1946 doka ta mayar da irin wannan wasiyya dole, ko kaka bai yi ba sai a cire wa jikokin. Kotunanmu ba sa bin wannan. In ba ka faɗa ba, ba ka sa shaidu ba, babu. Haka agola da ya tashi a hannunka, da yaron da ka riƙa, da tsohuwar gwaggo da take cin abinci a gidanka, da ƙanen da 'ya'yanka maza za su shamakance: duk wasiyya tana kai musu. Alhaji yana da damar kaiwa miliyan 8. Amma a duba abin da zai biyo baya. In ya ba jikoki miliyan 4, saura miliyan 20, rabon kowace 'ya ya sauko zuwa miliyan 1.75. Wato abin da ya ba marayu, har daga bakin mai lalurar ya gutsuro. Cika sulusi ba burgewa ba ne idan a cikin magada akwai wanda ya fi kowa buƙata.

Ita kuwa 'yar mai lalura da uwargida, wasiyya ba ta yi musu komai sai da yardar sauran magada bayan mutuwa. Nan ne ake yawan ruɗuwa. Uba ya tara 'ya'yansa yana lafiya ƙalau ya ce shagon nan na wance ne bayan raina, kowa ya sunkuyar da kai ya ce "to Baba." Wannan "to" ɗin ba ta ɗaure kowa, domin a lokacin ba su mallaki abin da suke yafewa ba. Ranar rabo kowa yana da ikon cewa bai yarda ba, wanda ya yarda kuma daga nasa kason kaɗai za a cire, ƙaramin yaro kuwa babu mai yafe haƙƙinsa a madadinsa. Na taɓa zama a wajen wani rabo inda aka fito da irin wannan takarda, an rubuta ta da hannun mamacin, kowa ya san rubutunsa ne. Mutum biyu suka yarda, uku suka yi shiru irin shirun da kowa ya gane ma'anarsa. Matar da aka yi wa wasiyyar ɗakin ta tashi daga gidan kafin shekara ta zagayo.

Wasu suna jin cewa idan lauya ya rubuta wasiyya irin ta boko, aka kai ta rajista a babbar kotu, an tsallake waɗannan iyakoki. Maganar tana da tushe a tarihi. A 1971 Kotun Ƙoli ta tabbatar da wasiyyar wani musulmi da ya rubuta ta bisa dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, duk da ta saɓa wa rabon Malikiyya. Daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara suka yi nasu dokokin wasiyya da suka ce wanda shari'ar Musulunci take hawa kansa ba zai yi amfani da wasiyya ya kauce mata ba, kuma sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa maganar wakafi da kyauta da wasiyya da gadon musulmi a ƙarƙashin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Ko da a ce akwai ƙofar, ba na ba musulmi shawarar ya bi ta. Ya ɗauki alhaki ya tafi da shi kabari, ya bar wa mai raunin da yake son karewa shari'ar shekaru da gabar 'yan'uwa. Amfanin lauya a wurinmu shi ne ya tsara takardar yadda banki da ofishin filaye za su karɓa, abin da ke cikinta kuma ya zama wanda malami ya duba.

To, mai raunin da yake cikin magada, me ya rage masa? Abin da za a yi masa tun ana raye ana lafiya. Dukiyarka taka ce, kyautar da ka yi da lafiyarka ba ta da iyakar sulusi, kuma tana halatta ga magaji. Amma tana da sharaɗin da yake kayar da mafi yawan masu yin ta, shi ne abin ya bar hannunka ya koma hannun wanda ka ba, abin da malamai suke kira hauzi, kafin ciwon ajali ko karayar arziki ko mutuwa ta riske ka. Sayyidina Abubakar ya ba Nana A'isha kyautar dabino daga gonarsa, ba ta je ta karɓa ba har ciwon ajali ya kama shi, sai ya gaya mata cewa da ta riga ta karɓa da ya zama nata, amma yanzu dukiyar magada ce. Imam Malik ya kawo wannan a Muwaɗɗa. In wannan ya faru a gidan Abubakar, babu gidan da zai ce shi kalmar baki ta ishe shi. Wanda ya ce ya ba 'yarsa shago, amma shi yake karɓar haya yana zubawa a aljihunsa har ya mutu, shagon gado ne. Kyautar da aka yi a gadon asibiti cikin ciwon da aka mutu a cikinsa kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka, ta koma ƙarƙashin iyakokin nan biyu.

Gidan zama shi ya fi wuya. Idan miji ya ce ya ba matarsa gidan da suke ciki, ya ci gaba da zama a ciki har ya mutu, a Malikiyya kyautar ba ta tabbata ba, domin hannunsa bai taɓa sauka daga kan gidan ba. Dattawa da yawa sun tafi suna ganin sun gama da maganar uwargida, alhali ba su yi komai ba. Wanda yake son ya tsare mata matsuguni, ya fi masa aminci ya ba ta wani gida ko fili dabam da za ta riƙe da kanta, ko ya yanke sashe mai ƙofarsa ya fita daga cikinsa da gaske, a gaban shaidu. In filin mai satifiket ne, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa sai da amincewar gwamna ake canza mallaka, don haka a bi ta ofishin filaye, KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna, a mayar da suna. Akwai kashe kuɗi da zirga-zirga, amma takardar da ta fito da sunanta ta fi shaidu goma da za su iya mutuwa ko su manta.

Sai tambayar da take damun masu tsoron Allah: ba zalunci ba ne a fifita ɗa ɗaya? Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir yana nan, inda Annabi (SAW) ya ƙi yin shaida a kan kyautar da mahaifin Nu'umanu ya keɓe shi da ita ban da sauran 'ya'yansa, ya yi umarni da adalci tsakanin 'ya'ya. Malaman Malikiyya sun karhanta mutum ya ba wasu 'ya'yansa dukiyarsa duka, amma sun ga ba laifi a wani yanki nata, kuma an ruwaito daga Imam Ahmad sauƙi a kan keɓe ɗa saboda wata buƙata ta gaske kamar makanta ko yawan iyali. Abin da nake fahimta shi ne niyya da gwargwado. Ba wa ɗan amarya gida don uwarsa ce 'yar gaban goshi abu ne dabam, keɓe wa wadda ba za ta taɓa iya neman na kanta ba abin da zai saya mata magani abu ne dabam. Kuma a yi shi a fili. A kira yayyenta a gaya musu dalili. Abin da aka ɓoye shi ne yake zama 'yan'ubanci ranar da aka gano.

Duk da haka, kyautar mallaka kai tsaye ba ita na fi so wa mai lalurar ƙwaƙwalwa ba. Da zarar shagon ya zama nata, ya zama abin sayarwa, kuma duk wanda yake riƙe da ita yana iya kawo dalili, yau asibiti, gobe gyaran rufi, har a wayi gari babu shagon babu kuɗin. Sannan yayyenta suna kallon miliyan 6 ta fita daga gado har abada. Ga wanda yake da hankalinsa, kamar gurgu mai sana'a ko makaho mai iyali, ko bazawarar 'ya mai yara, kyauta ita ce daidai, domin shi zai juya abinsa. Ga wadda sai an riƙe mata, akwai abin da ya fi.

Fiƙihunmu yana da wata hanya da ba a cika jin ta a wa'azi ba, malamai suna ce mata umra, ba ta zuwa Makka ba. Ita ce ka ba mutum amfanin abu iya tsawon rayuwarsa, asalin abin kuma yana nan a matsayin naka. A Malikiyya idan wanda aka ba ya rasu, abin yana komawa ga mai shi, in ya riga ya mutu ya koma ga magadansa. Alhaji zai iya cewa hayar shagon nan ta wance ce muddin tana raye. Ba mai sayar da shi a kanta, ba mai hana ta hayar, kuma 'yan'uwanta sun san ba a raba su da shi ba, jinkiri ne kawai. Wannan yana kashe wutar hassada ƙwarai. Wakafi danginta ne, sai dai ya fi ta faɗi. Asalinsa gonar Sayyidina Umar ta Khaibara, wadda aka tsayar ba a sayarwa ba a kyautarwa ba a gado, ana ciyar da amfaninta. Mun saba jin wakafi a kan masallaci da rijiya da makarantar allo, amma yana halatta a kan iyali, kuma Malikiyya ta yarda a yi shi na wani ƙayyadadden lokaci. Mai wakafi yana da ikon shimfiɗa sharuɗɗa: a fara da maganin wance da abincinta, abin da ya ragu a biya wa jikoki kuɗin makaranta, bayan ranta ya koma ga duk mabuƙaci a zuriya. Abin da malamai suka tsananta a kai shi ne a yi wa 'ya'ya maza a fitar da mata.

Tsakanin biyun, in mutum ɗaya kake nufi kuma dukiyar ba ta da yawa, umra ta fi sauƙi kuma ta fi samun karɓuwa wajen magada. In masu raunin suna da yawa, ko kana hangen abin da zai wuce tsara ɗaya, wakafi ya fi. Aibin wakafi na har abada a kan zuriya shi ne bayan shekara hamsin masu haƙƙi sun zama tamanin, haya ba ta isa kowa, gini yana rushewa ba mai gyara saboda ba na kowa ba ne. Duka biyun kuma sharaɗin nan na sakin hannu yana kansu. Akwai sauƙi guda: idan wanda aka yi wa yaro ne ƙarami ko wanda ba ya iya tasarrufi kuma yana ƙarƙashin kulawar uban, uban yana iya riƙe masa, matuƙar ya kafa shaidu, yana kashe abin da ke shigowa a kansa, kuma ba gidan da uban yake zaune ba ne. A aikace wannan yana nufin a buɗe asusu dabam da hayar za ta riƙa shiga, a ajiye rasit, don ranar da wani ya ce ai Baba bai taɓa sakin shagon ba a sami abin nunawa. Jihohi irin su Sakkwato da Zamfara da Kano suna da hukumomin zakka da wakafi, ana iya neman shawararsu kan rubuta takardar, sannan a tabbatar da ita a gaban alƙali.

Ko wace hanya aka bi, ƙarshenta hannun mutum za ta faɗa, kuma zaɓen wannan mutum ya fi zaɓen hanyar wuya. Uba yana da ikon naɗa wasiyyi, wato wanda zai kula da al'amuransu bayan ransa, a kan ƙananan 'ya'yansa da wanda ba ya iya riƙe dukiyarsa, kuma wannan naɗi ba ya cikin wasiyyar da aka hana yi wa magaji, domin amana ce aka ɗora, ba dukiya aka bayar ba. Al'ada takan tura mu ga babban ɗa ko ƙanen uba. Ba dole ba ne. Mace tana iya zama wasiyyiya, kuma sau da yawa uwar yaran ita ce ba za ta ci amanarsu ba. Na fi son a sa mutum biyu, ɗaya daga ɗakin su mai raunin, ɗaya daga waje, a rubuta cewa duk shekara za su nuna lissafi ga wani na uku, a kuma faɗi wanda zai gaje su in ɗaya ya rasu. Masu dukiya mai yawa suna iya ɗaukar kamfanin riƙon amana, irin waɗanda bankuna suke da su, su biya lada. Kamfani ba ya mutuwa kuma ba shi da ɗan ɗaki, amma ba zai san yarinyar ta kwana da zazzaɓi ba, don haka ko da shi sai an haɗa da ɗan'uwa.

Ma'aikata su lura da abu ɗaya. Sunan da ka rubuta a fom ɗin banki a gurbin ɗan'uwa mafi kusa bai mayar da shi mai kuɗin ba. Wanda za a nema ne idan wani abu ya faru. Banki da kamfanin fansho sukan nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu kafin su saki ko sisi, kuma fitar da ita yana ɗaukar watanni. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, amma iyalai da yawa ba su san da ita ba balle su nema. A watannin jiran nan mai shan magani kullum ba ya jira, shi ya sa ƙaramin asusu da aka riga aka mallaka wa uwarta tun ana raye yake da daraja fiye da girmansa.

Da Alhajin nan zai tambaye ni, ga abin da zan ce masa. Shagon ya yi wa mai lalurar umra yanzu, ya kira yayyenta da limamin unguwa da mai unguwa su shaida, hayar wata mai zuwa ta fara shiga asusunta. Jikoki ya yi musu wasiyya da abin da bai kai sulusi ba, a ce miliyan 3 daga miliyan 18 da suka rage, ya rubuta cewa karatunsu za a fara yi wa. Uwargida, in yana da hali, ya saya mata ko ɗan fili ne da sunanta ta riƙe takardar a akwatinta. A takarda guda ya lissafa bashin da ake binsa da wanda yake bi, da kayan mutane da ke hannunsa, da lambobin asusunsa, da inda takardun gida suke, ya naɗa wasiyyai, shaidu biyu adalai waɗanda ba su da ko kwabo a ciki su sa hannu. Sauran miliyan 15 ya bar su yadda Allah ya raba: matan su raba miliyan 1.875, kowace 'ya ta sami kusan miliyan 1.3, kowane ɗa ya ɗauki ninkin haka, ita mai lalurar kuma ta haɗa nata kason da hayar shagonta.